Ga masu rubuta manhaja: kada makulli ya kulle wanda ya biya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina neman alfarmar ɗan fili domin in yi tsokaci a kan wani ɓangare na sana'ar rubuta manhaja wanda ba a cika tattauna shi ba, ko da yake shi ne abin da mai saye yake fara cin karo da shi. A 'yan shekarun nan matasanmu a Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato, har da Maraɗi da Damagaram, sun duƙufa wajen rubuta manhajojin fitar da sakamakon jarrabawa, da na lissafin magunguna a kemis, da na biyan albashi, kuma wannan abin a yaba ne. Ni sana'ata girka wa makarantu da shaguna kwamfuta da kula da ita, don haka a tsakanin mai manhaja da mai saye nake tsaye, kuma ni ake kira idan abu ya ƙi. Abin da na lura da shi shi ne, matashi zai shafe watanni yana gyara manhajarsa, amma manhajar girkawa, wato wadda take shigar da manhajar cikin kwamfuta, da yarjejeniyar lasisi, da lambar siriyal da ake ba mai saye domin shaidar ya biya, duk a gurguje yake haɗa su a daren da zai kai wa kwastoma. Sakamakon haka, yawancin matakan da yake ɗauka domin hana ɓarawo a kan mai gaskiya suke ƙarewa.

Bari in fara da burin da kusan kowa yake da shi, wato manhaja ɗaya da za ta yi aiki a Windows da macOS da Linux. Rubuta manhajar da za ta gudana a kan ukun ya yi sauƙi a yanzu, albarkacin kayan aiki irin su Java da Qt da Electron, sai dai shigar da ita cikin kwamfuta wani lamari ne dabam, domin kowane tsari yana da al'adarsa. Mai Windows ya saba da fayil ɗin da zai danna ya riƙa bin shafuka ɗaya bayan ɗaya, kuma kayan haɗa irin wannan sun daɗe a duniya: Inno Setup na Jordan Russell tun 1997 yake, NSIS an ƙirƙire shi ne domin rarraba manhajar sauraron waƙa ta Winamp, WiX kuwa kamfanin Microsoft ya sake shi kyauta a 2004 domin haɗa fayilolin MSI. Mai kwamfutar Apple ya saba da buɗe fayil ɗin dmg ya ja manhajar zuwa ma'ajin manhajoji, ko ya bi fayil ɗin pkg. A Linux kuma akwai deb da rpm, ga AppImage da Flatpak da Snap. Akwai kayan aikin da suke haɗa maka na dukan ukun daga shiri guda, kamar Qt Installer Framework da install4j da InstallBuilder da electron-builder, amma abin da suke fitarwa fayiloli ne mabambanta, kowane tsari da nasa. Hatta jpackage, kayan haɗa fayil ɗin girkawa da ya zauna daram cikin Java 16 a 2021, sai ka hau kan kowane tsari kafin ka haɗa fayil ɗinsa. Duk wanda ya yi wa kwastoma alkawarin fayil guda da zai shiga ko'ina, ya yi alkawarin da ba zai cika ba.

Bayan haka akwai kuɗin sa hannu, wato takardar shaida ta dijital da take nuna wanda ya fitar da manhajar, wanda matasa da yawa ba sa sanya shi cikin lissafi. Tun 2012 Apple ya kawo Gatekeeper, tsarin da yake duba manhaja kafin ya bari a buɗe ta, daga macOS Catalina na 2019 kuma ya wajabta a tura masa manhaja ya tantance ta kafin kwamfutocinsa su yarda su buɗe ta ba tare da gargaɗi ba, kuma rajistar masu rubuta manhaja a wurinsa dala 99 ce duk shekara. A Windows, fayil ɗin da ba a sa masa hannu ba yakan gamu da allon gargaɗi na SmartScreen, wanda yake razana shugaban makarantar da bai san kan kwamfuta ba, sannan tun watan Yunin 2023 ƙa'ida ta tanadi a ajiye makullin sa hannun a cikin na'ura ta musamman, abin da ya ƙara wa takardar shaidar tsada. Shawarata ga wanda duk kwastomominsa Windows suke amfani da shi, kamar yadda lamarin yake a galibin makarantu da shagunan da nake shiga, ita ce ya inganta na Windows ɗin tukuna, ya sa masa hannu, ya bar sauran sai an buƙata. Ya kuma haɗa duk abin da manhajar take buƙata cikin fayil ɗin da za a iya ɗauka a filashi, domin manhajar girkawar da take tsayawa a tsakiya tana neman sauko da wani abu daga intanet ba ta dace da garin da layin waya yake zuwa yana ɗaukewa ba. Ya gwada ta a kwamfutar da sunan mai ita yake ɗauke da ƙ ko ɗ ko ɓ, saboda tsofaffin kayan haɗa manhaja suna rikicewa idan suka haɗu da waɗannan haruffa a sunan babban fayil, wato folda. Inno Setup 6 da NSIS 3 duk suna karɓarsu, kuma kalmomin da suke fitowa a shafukansu suna cikin fayil na rubutu ne da kowa zai iya mayarwa Hausa.

Game da yarjejeniyar lasisi kuwa, abin da na fi gani shi ne a kwafo wata doguwar takarda ta wani kamfanin Amurka, a sauya suna kawai, har a manta a cire inda ta ce kotun Kalifoniya ce za ta saurari duk wata ƙara. Mai kemis a Funtuwa zai danna maɓallin amincewa da wannan, bai karanta ba, kuma ko ya karanta ba zai gane ba. Ba mutanenmu kaɗai ba ne ba sa karantawa. A 2005 wani kamfani mai suna PC Pitstop ya ɓoye sanarwar kyauta a cikin yarjejeniyarsa ga duk wanda ya aiko da saƙo, sai da aka yi wata huɗu, aka sauke manhajar fiye da sau 3,000, kafin mutum ɗaya ya lura ya karɓi dala 1,000. To amma rashin karantawar bai sa takardar ta zama wasa ba. A shari'ar ProCD da Zeidenberg ta 1996, kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta yanke cewa sharuɗɗan lasisi suna hawa kan mai saye matuƙar an ba shi damar gani da damar mayar da kaya. A shari'ar Specht da Netscape ta 2002 kuma, wata kotun ta ƙi ɗora wa masu amfani sharuɗɗan da aka ajiye can ƙasa da maɓallin saukewa, inda mutum ba zai gan su ba sai ya gangara. Waɗannan hukunce-hukunce ba su ɗaure alƙalin Najeriya ko na Nijar ba, amma darasinsu a fili yake: a nuna sharuɗɗan kafin a girka komai, mutum ya zaɓi amincewa da hannunsa, kada a zaɓar masa tun farko, kuma idan ya ƙi, manhajar girkawar ta fita ba tare da ta bar komai a kwamfutarsa ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne, domin a badaƙalar Sony BMG ta 2005, lokacin da Mark Russinovich ya gano cewa fayafayan waƙa na kamfanin suna dasa ɓoyayyiyar manhaja a Windows, an kuma gano cewa ɗaya daga cikin tsare-tsaren hana kwafin da kamfanin ya yi amfani da su yana shiga kwamfuta ko da mutum ya ƙi amincewa. Kamfanin ya janye fayafayan, ya kuma biya diyya.

A nan gida Najeriya ma doka ba ta yi shiru ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare manhajar kwamfuta, dokar gasa da kare masu saye ta 2018 tana buƙatar a yi wa mai saye bayani cikin harshe mai sauƙin fahimta, sannan dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi duk wanda yake tattara suna ko lambar waya ko bayanan kwamfutar kwastoma a lokacin rajista. Saboda haka a ganina shafi ɗaya ya isa ƙaramin kamfani, a rubuta shi da Turanci ko Faransanci da kuma Hausa, ya amsa tambayoyin da mai saye yake yi mini a zahiri. Kwamfuta nawa zai girka wa? Sau ɗaya zai biya ko duk shekara? Idan kwamfutar ta lalace ko aka sace ta, me zai faru? Wane bayani manhajar take aikawa waje? Idan wa'adi ya ƙare, shin zai iya ganin bayanansa? Lauya ya duba takardar, amma mai manhajar ne ya kamata ya fara amsa waɗannan tambayoyi da bakinsa.

Yanzu ga lambar siriyal, inda na fi son in daɗe, domin a nan ne ɓarnar ta fi yawa. Kuskuren farko shi ne a ɗora binciken lambar a kan manhajar girkawa kaɗai. Idan shafin da yake tambayar lamba shi ne duk tsaron da ake da shi, to da zarar an girka wa kwamfuta ɗaya, kowa zai iya kwafe babban fayil ɗin ya kai wata, kuma akwai kayan aiki na kyauta da suke warware fayilolin Inno Setup da NSIS su fito da abin da yake ciki ba tare da an bi shafukan ba. Shafin lamba a lokacin girkawa amfaninsa shi ne ya sauƙaƙa wa mai saye, ya gaya masa nan take idan ya yi kuskuren rubutu. Ainihin binciken a cikin manhajar kanta ya kamata ya kasance, duk lokacin da aka buɗe ta. Wannan yana da wata fa'ida kuma ga mai burin Windows da macOS da Linux, domin bincike guda da aka rubuta a cikin manhajar zai yi aiki a ko'ina, alhali jawo fayil daga dmg ko girka deb ba su da shafin da za a tambayi lamba tun asali.

Kuskure na biyu shi ne dogaro da ɗan lissafin sirri da aka ɓoye a cikin manhajar. Hatta Microsoft ya bi ta wannan hanya. Lambar Windows 95 ta masu saye a shago lambobi goma ce, kuma babban sharaɗinta shi ne jimillar bakwai na ƙarshe ta rabu da bakwai ba saura, don haka jera lamba 1 sau goma ma yana wucewa. Duk lissafin da manhaja take iya amfani da shi ta tabbatar da lamba, kuma shi ne dai ake amfani da shi a ƙirƙiri lambar, to wanda ya zauna ya tone manhajar zai iya rubuta ƙaramar manhajar da take fitar da lambobi ba iyaka. Maganin wannan ya daɗe da samuwa, tun bayyanar RSA a 1977, tsarin sa hannu mai makulli biyu, na sirri da na fili, kuma a yau akwai Ed25519 wanda ya fi shi gajarta da sauri. Mai manhaja yana riƙe makullin sirri a wurinsa, da shi yake sa hannu a kan bayanin lasisi, wato sunan makaranta, da yawan kwamfutoci, da ranar ƙarewa idan akwai. A cikin manhajar kuma yana saka makullin fili ne kawai, wanda yake iya tabbatar da sa hannu amma ba ya iya ƙirƙirarsa. Ko an tone manhajar ba za a samu abin buga lambobin bogi ba. Sa hannun Ed25519 bayit 64 ne, wanda idan aka mayar da shi haruffa zai haura ɗari, ya yi wa mutum yawa ya rubuta da hannu, shi ya sa ya fi dacewa a ba kwastoma ɗan ƙaramin fayil na lasisi ta WhatsApp ko filashi, ko ya kwafa ya liƙa. Wannan tsari ba ya buƙatar intanet ko kaɗan, kuma ba ya buƙatar sabar, wato kwamfutar mai manhaja da ake tuntuɓa ta intanet.

Idan kuwa dole sai an rubuta lamba da hannu, a tuna da yadda mutane suke fama da dogayen lambobin katin waya a ƙarƙashin hasken tocila. Lambar Windows XP haruffa 25 ce a rukuni biyar, kuma an zaɓo su ne daga haruffa da lambobi 24 kacal, an cire irin su sifili da harafin O, da lamba ɗaya da harafin I, waɗanda ido yake rikita su. Wannan dabara kyauta ce ga kowa. Manhajar ta karɓi manyan baƙi da ƙanana, ta yi watsi da tazara, ta kuma bambanta tsakanin lambar da aka rubuta ba daidai ba da lambar da wa'adinta ya ƙare, maimakon ta jefo wa mutum saƙo guda mai cewa lasisi ba shi da inganci, wanda yake sa mai gaskiya ya ji kamar an kira shi ɓarawo.

Kuskure na uku, wanda ya fi kowanne cutarwa, shi ne ɗaure rayuwar manhajar da sabar mai ita. Akwai wata makaranta mai zaman kanta da nake kula da kwamfutocinta, wadda ta sayi manhajar sakamakon jarrabawa daga wani matashi. A makon da za a raba katin sakamako, ma'adanar kwamfutar ofis, wato faifan da take ajiye bayanai, ta mutu. Na sauya ta, na dawo da bayanan daga kwafin da muke ajiyewa, na sake girka manhajar, na rubuta lambar da take jikin rasit. Sai ta tsaya tana neman sabar da ba ta amsawa, domin mai ita ya samu aiki a wani gari, ya daina biyan kuɗin sabar, layin wayarsa kuma a kashe. Makin ɗalibai yana nan a cikin kwamfutar, ana ganin girman fayil ɗin, amma babu hanyar buɗe shi. Malamai suka kwana suna tattara maki daga takardun jarrabawa da biro da na'urar lissafi, shugaban makarantar yana riƙe da rasit ɗinsa a hannu yana tambayata laifin me ya yi. Wanda ya fasa manhajar ya girka ta a ɓoye ba zai taɓa fuskantar wannan ba, domin kwafinsa ba ya tambayar kowa izini.

Manyan kamfanoni ma sun san wannan matsala. Lokacin da Windows XP ya fito a watan Oktoban 2001 da tsarin kunnawa, wato tabbatar da lasisi a wurin kamfanin, an ba mutum kwana 30 ya yi hakan, an kuma tanadi hanyar waya ga wanda ba shi da intanet: ya karanta lambar da kwamfutarsa ta nuna, a karanto masa lambar amsa. Duk da haka wata lambar da aka tanadar wa manyan ma'aikatu, wadda ba ta buƙatar kunnawa, ta ɓulla tun kafin ranar fitowar, ta bazu a duniya, har sai da sabuntawar 2002 ta toshe ta. Shi kuwa kamfanin Adobe, da ya rufe sabar kunna manhajojinsa na CS2 a ƙarshen 2012, sai ya fitar wa waɗanda suka saya da kwafin da ba ya buƙatar sabar tare da lambobinsa. Idan kamfanoni masu wannan ƙarfi ba su iya hana kwafi ba, kuma sun ga wajibcin buɗe wa kwastoma ƙofar fita, ban ga dalilin da zai sa matashi mai kwastoma ashirin ya fi su tsanani ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi kuɗin makaranta ya ɗauki nauyin cewa manhajar za ta buɗe ranar da ake buƙatarta, ko yana gari ko ba ya nan.

Ba ina cewa a bar manhaja a buɗe ba ne. Gumin mutum ne, kuma na san takaicin wanda ya sayar wa makaranta ɗaya ya tarar da aikinsa a makarantu biyar. Ɗaure lasisi da kwamfuta yana da ma'ana, amma a yi shi da sassauci: a duba alamomi da dama na na'urar, a yarda idan ɗaya ko biyu sun sauya, domin a wurinmu sauya ma'adana da yin fomatin abu ne na yau da kullum, saboda tsofaffin kwamfutoci da wutar da take hawa da sauka. A tanadi hanyar kunnawa ta saƙon tes, mai saye ya tura gajeriyar lamba a mayar masa da amsa. A ba shi damar cire lasisi daga tsohuwar kwamfuta ya mayar kan sabuwa. Kada a dogara kacokan da agogon kwamfuta wajen yanke hukunci, domin idan ƙaramin batirin cikinta ya mutu kwanan wata yakan koma shekarun baya, kuma manhajar da take ɗaukar wannan a matsayin zamba za ta kulle mutumin da bai taɓa komai ba. Sannan ko wa'adi ya ƙare, a hana shigar da sabon bayani idan an ga dama, amma a bar mutum ya karanta, ya buga, ya fitar da abin da ya riga ya shigar. Bayanan ɗalibai na makaranta ne, lissafin magunguna na mai kemis ne, kuma riƙe su a matsayin jingina ba ya cikin abin da aka saya ko aka sayar. Hanya mafi arha ta rage yawon kwafi kuwa ita ce a buga sunan mai lasisi a saman kowane katin sakamako da kowane rasit, tunda sunan yana cikin abin da aka sa wa hannu ba za a iya sauya shi ba, kuma babu shugaban makarantar da zai raba wa iyaye takarda mai sunan wata makaranta.

Su ma masu saye suna da nasu, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya karɓi fasasshiyar manhaja daga filashin da ya zaga shaguna goma ya ba baƙon da bai sani ba cikakken iko a kan kwamfutarsa, saboda manhajar girkawa da izinin mai gudanarwa take aiki, wato izinin sauya komai a kwamfutar. A 2017 masu kutse sun gurɓata fayil ɗin girka CCleaner, wata manhajar share tarkacen kwamfuta, tun daga cikin kamfanin da yake yin ta, da sa hannunsa na gaskiya a jiki, ya shiga kwamfutoci fiye da miliyan biyu kafin a farga. Idan hakan ta faru da fayil mai shaida, ina ga wanda ba a san hannun da ya bi ba?

Ina roƙon sassan koyar da kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu da kwalejojin fasaha, da cibiyoyin horar da matasa da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, take tallafa wa, su sanya haɗa manhajar girkawa cikin sharuɗɗan kammala aikin ɗalibi, ta yadda malami zai karɓi filashi, ya girka a kwamfutar da ɗalibin bai taɓa gani ba, ba tare da intanet ba, ya cire, ya sake girkawa, sannan ya ba da maki. Ga shugabannin makarantu da masu shaguna kuma, kafin su biya kuɗi su nemi a cire wayar intanet a kunna manhajar a gabansu, su karɓi fayil ɗin girkawa da na lasisi su ajiye a wuri biyu, kuma a rubuta musu a cikin yarjejeniya abin da zai faru idan mai manhajar ya daina sana'ar.

Wassalam.

Naka,
Wani mai girka kwamfuta,
daga Zariya.